Taliyar Italiya marar gulutin da ƙwallayen naman talo-talo: ina matsalar take?

Uwargida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon masana girkin zauren nan. Abincin dare na mutum biyar nake son haɗawa, taliya irin ta Italiya da miyar tumatir da ƙwallayen naman talo-talo. Ɗaya daga cikin masu cin likita ya tabbatar yana da cutar siliyak, ko ɓurɓushin alkama ba ya shiga bakinsa. Abu biyu ne suka tsaya mini: taliyar da ba ta da gulutin tana dagargajewa a tukunya ta koma kamar fate, ƙwallayen kuma ko su watse cikin miya ko su bushe su yi tauri. Don Allah a ba ni awo da yadda ake bi daki-daki.

Malam Kuku: Wa alaikumus salam, Hajiya. A raba matsalolin biyu, don ba tushensu ɗaya ba. Ta taliya rashin gulutin ne. Gulutin shi ne abin da ke ba kwaɓin fulawa danƙo, kuma a cikin taliyar alkama yana zama kamar raga da ta kewaye ƙwayoyin sitaci, shi ya sa ko ta ƙara minti biyu a wuta ba ta sakin jiki. Taliyar masara ko ta shinkafa ba ta da wannan raga, sitacin ne ke riƙe da kansa, da ya sha ruwa ya wuce ƙima sai ya saki.

Ta ƙwallon nama kuwa ba ruwan gulutin. Laifin naman ne da kuma cire burodi ba a maye gurbinsa ba. Talo-talo ba shi da kitse kamar sa ko rago, musamman ƙirjinsa. Burodin da ake jiƙawa da madara a zuba cikin nama sitacinsa ne ke riƙe ruwa yana hana naman matsewa. Ke nan duk wani abu mai sitaci mai laushi zai yi wannan aikin.

Ga awo na mutum biyar: niƙaƙƙen naman cinyar talo-talo giram 500, burodi marar gulutin giram 60 da aka jiƙa cikin madara mililita 80 na minti 10, ƙwai 1, rabin ƙaramar albasa a goge ta da magogi, tafarnuwa ƙwaya 2 a daka, cuku mai tauri gogagge giram 40, ganyen faski yankakke cokalin cin abinci 2, man zaitun cokali 1, gishiri giram 6, baƙin masoro kaɗan. Wannan zai ba ki ƙwallaye 25 zuwa 27 masu nauyin giram 30, wato girman ƙaramin lemun tsami.

Uwargida: Na gode Malam. To idan burodin marar gulutin bai samu ba fa?

Anti Mai Kek: 'Yar uwa, dafaffiyar shinkafa ta wadatar. Giram 100, wadda ta yi laushi irin ta tuwo, ki dame ta da cokali mai yatsu cikin madara cokali 3 har ƙwayoyin su ɓace, ki bari ta huce kafin ta haɗu da nama. Dafaffen dankalin Turawa guda ɗaya matsakaici da aka murƙushe shi ma yana yi, ƙwallon ma ya fi laushi da shi. Dafaffiyar acca tana yi. Garin kwaki ma yana yi idan fari ne marar tsami sosai, amma kada ya wuce giram 30, kuma a jiƙa shi da madara tukuna ya kumbura, in ba haka ba zai tsotse ruwan naman ne ya bar ki da abin da kike gudu.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne zuba ɗanyen garin shinkafa ko garin masara kai tsaye. Ba ya samun lokacin nuna sosai a cikin ƙwallon, sai a ji tsaki-tsaki a haƙori.

Malamar Abinci: Kafin a yi nisa, bari in tsaya a kan kalmar siliyak, domin ita ce ta canza komai. Mai wannan cuta ba yawan alkamar ne kaɗai ke cutar da shi ba, ɗan ɓurɓushi ma yana sa garkuwar jikinsa ta far wa bangon ƙaramin hanjinsa, ko da bai ji ciwon ciki a ranar ba. Ƙa'idar da hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, wato Codex, da Tarayyar Turai da Amurka suka tsayar ita ce, ba a kiran abinci marar gulutin sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Wannan awo ƙarami ne ƙwarai. Gutsuren burodi da ya maƙale a katakon yanka ya isa ya ɓata faranti.

Don haka shawarwarin Anti daidai ne, shinkafa da masara da rogo da acca da gero da dawa duk ba su da gulutin a halittarsu, amma a kula da inda aka niƙa su. Injin unguwa da ya niƙa alkama da safe ya niƙa masara da rana, garin masarar nan bai dace da mai siliyak ba. Haka garin da ake aunawa a kasuwa da kwano ɗaya ana tsoma shi buhu-buhu. Shi ya sa ƙwayar shinkafa da aka tsince aka wanke aka dafa a gida ta fi aminci a kan kowane gari.

Ɗalibin Girki: Malama, ai na ga wasu na sa hatsin nan ots maimakon burodi. Shi ba shi da matsala?

Malamar Abinci: Yana da ita, ƙanena. Ots a kan kansa ba alkama ba ne, amma yawanci gona ɗaya da mota ɗaya da masana'anta ɗaya suke bi da alkama da sha'ir. Sai wanda aka rubuta a jikin kwalinsa cewa marar gulutin ne. Ko shi ɗin ma akwai 'yan kaɗan daga cikin masu siliyak da jikinsu ba ya karɓa. Tunda akwai shinkafa da dankali, babu dalilin shiga wannan kasada.

Malam Kuku: Mu koma kan naman. Hajiya, ki nemi cinya, kada ki nemi ƙirji. In a kanti za ki sayi niƙaƙƙe, ki duba wanda kitsensa ya kai kashi 7 cikin 100 ko fiye, wanda aka rubuta kashi 1 ko 2 ƙirji ne zalla kuma shi ke bushewa. In a gida za ki niƙa, ki zare ƙashi da jijiyoyin nan masu tauri na ƙafa, ki bar ɗan fata kamar giram 40 a ciki, ki yanka gutsi-gutsi, ki sa a firiza minti 20 ya ɗan ƙame, sannan ki niƙa a injin sara nama kina kunnawa kina kashewa. In kika bar injin yana ta gudu naman zai yi zafi ya koma kamar ƙullu, ƙwallon ya fito da danƙo irin na roba.

Wajen haɗawa, ki fara cakuɗa komai ban da naman: jiƙaƙƙen burodi ko shinkafa, ƙwai, albasa, tafarnuwa, cuku, faski, mai, gishiri. Sai sun zama abu ɗaya sannan naman ya shiga, ki juya da yatsu na kamar minti ɗaya, da kin ga ya fara kama hannu ki tsaya. Wanda bai juyu ba shi ke watsewa, wanda aka murza kamar kwaɓin burodi shi ke tauri. Ki ɗebi ɗan kaɗan ki soya a kasko ki ɗanɗana gishiri, kada a ɗanɗana ɗanye. Sai ki rufe ki sa a firij minti 30. Wannan hutun kada ki tsallake shi, domin haɗin talo-talo ya fi na sa ruwa-ruwa, sanyi ne ke sa ya mulmulu. Ki shafa mai ko ruwa a tafin hannu kafin ki mulmula.

Hajiya Babba: Malam, ƙwai ɗaya bai yi kaɗan ba? Masu cewa ƙwallonsu na watsewa ai ƙwai suke ƙarawa.

Malam Kuku: Ranki ya daɗe, ƙarin ƙwai yana hana watsewa, amma da tsada. Farin ƙwai idan ya nuna ƙamewa yake yi, biyu a giram 500 sai ƙwallon ya yi tauri kamar dafaffen ƙwai. Watsewa yawanci daga abu uku take zuwa: albasa da aka yanka manya-manya, haɗin da bai huta a sanyi ba, da kuma juya ƙwallon tun bai kama jikinsa ba. In haɗin ya yi ruwa da yawa, matse ruwan gogaggiyar albasar ya fi ƙara ƙwai.

Hajiya Babba: To na yarda da wannan. Amma a wajen dafawa ni ina ganin jefa su ɗanyu cikin miya ya fi. Suna nuna a hankali, ba sa bushewa, miyar kuma ta ɗauki ɗanɗanon naman. Sharaɗin kawai miyar ta kasance tana ɓararraka a hankali, a jera su ɗaya bayan ɗaya, a rufe, kada ludayi ya taɓa su sai bayan minti 10. In ana son motsa su a girgiza tukunyar. Minti 20 zuwa 25 sun nuna.

Anti Mai Kek: Hajiya, hanyarki tana ba da laushi, babu musu, amma talo-talo nama ne marar ƙarfin ɗanɗano, in bai ga zafi ya yi ja ba ƙwallon yana fitowa fari salam. Ni obin nake ba da shawara. A shimfiɗa takardar gashi a faranti, a jera su da tazara, a shafa musu man zaitun, a gasa a digiri 200 a ma'aunin Celsius na minti 12 zuwa 15, sannan a juye su da ruwan da suka fitar cikin miya su ƙarasa na minti 10. Sun kama jikinsu, sun yi launi, kuma ba a tsaya kan kasko ana juyi ba.

Malam Kuku: Duka biyun suna yi. Ga mai farawa obin ya fi sauƙi. Wanda ba shi da obin ya soya a kasko mai kauri da mai cokali 3, wuta matsakaiciya, kada a cika kaskon, kada a juya sai ƙwallon ya saki ƙasan kaskon da kansa, kamar minti 3 kowane gefe. Ba sai ya nuna har ciki ba, miya za ta ƙarasa. Kuma a bar al'adar birgima shi cikin fulawa kafin suya. In dole ne, garin shinkafa na leda mai shaida ya isa, amma ko babu komai yana soyuwa.

Malamar Abinci: Kowace hanya aka bi, tsakiyar ƙwallon sai ta kai digiri 74. Wannan ita ce ƙa'idar naman kaji da talo-talo, saboda ƙwayar cutar salmonela, kuma niƙaƙƙen nama ya fi gunduwa haɗari don abin da ke bayan naman ya riga ya shige cikinsa. Launi ba shaida ba ne, naman cinyar talo-talo yakan riƙe ɗan ja ko ya nuna. Ma'aunin zafi mai tsinke shi ne abin dogaro. In babu, a fasa mafi girma a gani, tsakiyarsa ta ƙame tana tururi, ruwan da ke fita garai.

Wani abu kuma, in a waje za a niƙa naman, a tambaya ko injin yana niƙa haɗin sosej, domin sosej da yawa da garin burodi ake haɗa shi.

Ɗalibin Girki: Ina da tambaya da ta ɗan kauce. An ce mutanen Italiya ba sa ma cin taliya da ƙwallon nama a faranti ɗaya. Gaskiya ne?

Malam Kuku: Akwai gaskiya a ciki. A yawancin Italiya ƙwallon nama, da suke kira polpette, abinci ne na biyu, ana cin taliya da miyar tukuna sannan a kawo naman daban. Babban farantin sufageti da manyan ƙwallaye a kai ya yi ƙarfi ne a Amurka, a hannun mutanen kudancin Italiya da suka yi ƙaura zuwa birane irin su New York daga wajajen 1880 zuwa 1920, inda suka tarar nama ya fi araha a kan gida. Sai dai a yankin Abruzzo, musamman Teramo, suna da taliyar da ake ci da 'yan mitsi-mitsin ƙwallaye da suke kira pallottine, girman ƙwayar gyaɗa ko gurjiya.

Wannan ba labari kawai ba ne, yana da amfani ga Uwargida. Ƙananan ƙwallaye sun fi dacewa da taliya marar gulutin, domin ba su da nauyin da zai karya ta wajen juyawa, kuma suna nuna cikin minti 6 zuwa 8 tun ba su bushe ba. Aikin mulmulawa ne kawai ke da yawa.

Hajiya Babba: Maganar cuku fa? Na ga Malam ya ce mai tauri bai faɗi suna ba.

Malam Kuku: Da gangan ne, ranki ya daɗe. Asalin wanda ake sa wa shi ne Parmigiano Reggiano, wani lokaci Pecorino Romano. Ba su da gulutin, madara ce da gishiri da abin daskarar da madara. To wannan abin daskararwar daga cikin ɗan maraƙi ake samun na Parmigiano, na Pecorino kuma daga ɗan rago, kuma Musulmi da yawa suna kaffa-kaffa da shi saboda batun yanka. Mai wannan damuwar ya nemi cuku mai tauri da ke da tambarin halal ko wanda aka rubuta ya dace da marasa cin nama. In babu, a bar shi gaba ɗaya, a ƙara gishiri giram 1 da man zaitun rabin cokali. A sayi gunduwa a goge a gida, ya fi wanda aka riga aka goge ɗanɗano, kuma an san abin da ke ciki.

Uwargida: Allah ya saka da alheri. Saura miya da ita taliyar.

Anti Mai Kek: Miyar ba ta son tarkace. Tumatirin gwangwani wanda aka ɓare, mai giram 400, guda 2. In an samu San Marzano madalla, in ba a samu ba kowane dogon tumatir mai tsoka ya yi. Ɗanye kuma kilo ɗaya da giram 200, nunanne sosai, a tsaga bayansa, a tsoma a tafasasshen ruwa na rabin minti, a ɓare, a cire 'ya'yan. Man zaitun cokali 4 a tukunya mai faɗi, tafarnuwa ƙwaya 4 yankakkiya, wuta ƙasa-ƙasa. Da ta fara ƙamshi ta yi ruwan zinare a zuba tumatir, in ta yi baƙi miyar duka za ta yi ɗaci kuma babu gyara. A murƙushe tumatirin da hannu ko da ludayi. Bilanda tana shigar da iska ta mayar da launin miyar ruwan lemo, kuma tana niƙe 'ya'yan. Gishiri ƙaramin cokali 1, ɗan busasshen barkono in ana so. A bar ta a buɗe minti 25 zuwa 30 har mai ya fara tasowa gefe-gefe. In tsami ya yi yawa, rabin ƙaramin cokali na sukari, ko rabin albasa a jefa ta dahu a ciki a cire. Ganyen basil a ƙarshe, a yaga da hannu bayan an sauke. Ɗoɗɗoya 'yar uwarsa ce amma ta fi shi ƙarfi nesa, ganye uku ko huɗu sun isa.

Wasu girke-girken Italiya suna sa giya a miya. Wannan ba ta buƙatarta, babu abin da za a rasa.

Malamar Abinci: Miya ita ce inda alkama ta fi ɓuya. Dunƙulen ɗanɗano da yawa akwai fulawa ko sitacin alkama a ciki, sai an karanta jikin kwalin kowane iri. Haka haɗin tumatirin leda da ake ƙara wa abin kauri, da haɗaɗɗen kayan ƙamshi na gari, da miyar waken soya ta kwalba wadda yawancinta da alkama ake yi. Kayan da aka yi don kasuwar Turai doka ta tilasta a fito da sunan alkama da sha'ir ƙarara cikin jerin kayan haɗi, yawanci da baƙin rubutu mai kauri. A kayan Italiya a nemi kalmomin senza glutine, ko hoton zangarniyar alkama da aka ja wa layi. A teburin kuma kada a ajiye wa mai siliyak lemun malt, da sha'ir ake yin sa.

Malam Kuku: Yanzu taliya. A Italiya tun dokar 1967 busasshiyar taliya ta asali da tsakin alkama mai tauri ake yin ta, don haka marar gulutin aba ce daban da kamfanoni irin su Barilla da Rummo da Garofalo da Schär suke yi a keɓe. Wadda aka haɗa masara da shinkafa ta fi kusa da ta alkama a baki. Ta shinkafa zalla tana saurin laushi da yauƙi. Ta masara zalla tana saurin karyewa. Ta wake, irin ta jan lentil, ta fi gina jiki amma tana kumfa sosai kuma ɗanɗanon waken na fitowa. Ga mai farawa gajera ta fi, penne ko fusilli, don sufageti ne ya fi manne wa juna da gutsurewa.

Giram 400 zuwa 450 ya ishi mutum biyar. Ruwa lita 5 a babbar tukunya, gishiri giram 40 zuwa 50. Kada ki rage ruwan, wannan taliyar tana sakin sitaci fiye da ta alkama, in ruwan ya yi kaɗan zai yi kauri kamar koko ta manne. Sai ya tafasa sosai za ki zuba. Ki juya nan take, ki ci gaba da juyawa minti 2 na farko, daga nan lokaci-lokaci a hankali. Kada ki rufe tukunya, kumfa zai zubo. Kada ki sa mai a ruwan, yana yawo ne a sama, in an tace kuma ya lulluɓe taliyar ya hana miya kama ta.

Babban abin shi ne lokaci. In an rubuta minti 10 a leda, ki fara ɗanɗanawa daga minti 7, kowane rabin minti. Da kin ji ta nuna amma da ɗan ƙarfi a tsakiya, ki ɗebi kofi ɗaya na ruwan ki ajiye, ki tace. Tsakanin daidai da dagargajewa bai fi minti ɗaya ba. Shi ya sa ba a ɗora taliya sai miya da nama sun gama, masu ci kuma sun hallara.

Hajiya Babba: A nan zan saɓa wa abin da aka saba ji. Ni ina ganin wannan taliyar a ɗauraye ta bayan an tace. Yauƙin da ke jikinta ya yi yawa.

Malam Kuku: Ranki ya daɗe, wannan sitacin shi ke sa miya ta manne mata. In aka wanke, miyar tana zamewa ta taru a ƙasan faranti. Kuma ruwan sanyi yana sa ta ƙame nan da nan.

Hajiya Babba: Ban ce ruwan sanyi ba, Malam. Ruwan zafi daga buta, a watsa sau ɗaya, daƙiƙa biyar. Ta shinkafa zalla in ba a yi mata haka ba, kafin a kai ta cikin miya ta dunƙule.

Anti Mai Kek: Kowannenku yana da gaskiya a kan irin taliyar da yake nufi. Ta shinkafa zalla, musamman ta shinkafa mai dusa, tana son wannan watsa ruwan zafin, wasu kamfanonin ma sun rubuta haka a ledarsu. Mai haɗin masara da shinkafa ba ta buƙata in ruwan dahuwar ya wadata. Abin da duk aka haɗu a kai shi ne kada ta zauna a kwalanda. Daga tacewa sai miya.

Malam Kuku: Na karɓi wannan. Wajen haɗawa kuma, a kwashe ƙwallayen a ajiye gefe a rufe, a juye taliyar cikin miyar a kan wuta kaɗan, a ɗaga ta daga ƙasa da cokula biyu a hankali na minti ɗaya. Tana shan miya sosai, in ta bushe a ƙara ruwan da aka ajiye cokali biyu-biyu. Shi ma ruwan nan ya fi na taliyar alkama kauri da gishiri, kada a juye kofin duka. A zuba a faranti, a ɗora ƙwallaye a kai, ɗan man zaitun, cuku, a ci da zafinta.

Uwargida: To idan na dafa wa sauran mutum huɗun taliyar alkama, shi kaɗai na yi masa tasa, ai zai fi sauƙin kuɗi ko?

Malamar Abinci: Zai fi sauƙin kuɗi, Hajiya, amma nan ne kuskure ya fi faruwa. In za a yi haka, tukunya biyu, ruwa biyu, cokali biyu, kwalanda biyu. Kada a dafa tasa a ruwan da ta alkama ta fita. Kwalanda da rariya ramukansu na riƙe sitacin taliya ko an wanke, gara a ware masa sabuwa. Muciya da ludayin katako da katakon yanka su ma suna riƙewa a tsagunsu, a yi amfani da na ƙarfe. A dafa tasa da farko, a ɗebar masa miya da nama a wata tukunya tun cokalin da ya taɓa taliyar alkama bai shiga ba, a rufe farantinsa. Kada a soya ƙwallon a man da aka soya fanke ko cincin. In an yi aikin fulawa a kicin ranar, a goge ko'ina da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, garin yana tashi ya sauka a kan komai. A ganina na dare ɗaya, kowa ya ci marar gulutin ya fi kwanciyar hankali, shi ma ba zai ji an ware shi ba.

Ga masu karatu kuma da ke zargin suna da cutar: kada a daina cin alkama kafin a yi gwaji. Gwajin jinin da na hanji suna buƙatar mutum yana cin gulutin, in ya daina sakamakon zai iya fitowa lafiya alhali cutar na nan.

Ɗalibin Girki: In taliyar ba ta samu a kanti ba kwata-kwata, akwai mafita ta Italiya?

Anti Mai Kek: Akwai, polenta. Abincin arewacin Italiya ne, tsakin masara da ake tuƙawa, ɗan uwan tuwon masara sai dai ya fi shi ruwa kuma da gishiri. Tsaki giram 250, ruwa lita 1 da kwata, gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi. A zuba tsakin a hankali cikin tafasasshen ruwa ana juyawa, a rage wuta, a riƙa tuƙawa minti 40 zuwa 45, a ƙarasa da bota ko man zaitun. Ƙwallon nama da miyar tumatir a kanta abinci ne cikakke a can. Sharaɗin Malama na injin niƙa yana nan. Kuma kada a ruɗe, semovita da kuskus na kanti alkama ne, ba sa maye gurbi.

Uwargida: Tambaya ta ƙarshe, in ya yi saura fa?

Malam Kuku: Ki dafa taliya daidai ci, don wannan ba ta kwana da kyau. In ta huce sitacinta yana ƙamewa, ta yi tauri tana gutsurewa, wadda ta kwana cikin miya kuma ta jiƙe. Miya da ƙwallaye su ne ake yi da yawa. A sa su a firij cikin awa 2 da saukewa, lokacin zafi cikin awa 1. Suna kai kwana 3 a firij, wata 3 a firiza in wuta ba ta yankewa. In taliyar ta yi saura duk da haka, a ajiye ta daban da ɗan mai, gobe a tsoma ta a tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30, ko a ɗumama ta a kasko da miya da ruwa cokali 3 a rufe na minti 2. Ƙwallayen a ɗumama su cikin miya har tsakiyarsu ta yi zafi sosai, sau ɗaya kawai.